Kuskuren CrowdStrike: Me injiniyoyi suka sani game da asarar abokan ciniki?

A ranar 19 ga watan Yulin 2024 ne kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike da ke Amurka ya tura wani ɗan gyara a manhajarsa ta Falcon, wanda ya zo da kuskure.

Kamfanin Microsoft ya ƙiyasta cewa kwamfutoci miliyan 8.5 ne suka tsaya cik.

Injiniyoyin CrowdStrike sun janye gyaran cikin minti 78, wanda a ma'auninsu hanzari ne. To sai dai galibin kwamfutocin da suka tsaya sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Kamfanin jiragen sama na Delta ya soke tashin jirage kimanin 7,000 cikin kwana biyar, ya kuma ce ya yi asarar dala miliyan 500, kodayake CrowdStrike ya ɗora masa alhakin jinkirin farfaɗowa.

Irin wannan lissafi ba kasafai yake isa teburin mai rubuta manhaja ba. Injiniyan da shugabanninsa suka nuna masa cewa asibitoci da bankuna sun dogara da aikinsa zai fi dagewa a kan a fara gwaji da kwamfutoci ƙalilan.

Sai bayan ɓarnar ne CrowdStrike ya yi alƙawarin tura irin wannan gyara kashi-kashi.