Sararin Sama Ma Rijiya Ce: Wa Ke Riƙe da Gugar?

'Yan'uwa ɗalibai, abin kunya ne a ce tsakanin Sabon Mazaunin Jami'ar Bayero da Rijiyar Zaki tafiyar ƙafa ce, amma ilmin da muke taƙama da shi ya kasa ƙetare katanga. Maƙwabtanmu manoma suna duban ƙarfen sabis da ke tsaye a gefen gonakinsu da tsoro, mu kuwa da ya kamata mu warware musu zare, cikinmu ake samun masu ƙara dagula shi.

Mun ji da kunnenmu a shekarar 2020 ana rantsuwa wai 5G ce ta kawo korona. To, cutar ta shigo Kano a watan Afrilun 2020, ita kuwa 5G ba a fara sayar wa jama'ar Nijeriya ita ba sai 2022. Yaushe ɗa ya riga ubansa zuwa duniya?

Ga gaskiyar lamarin. Igiyar rediyo 'yar'uwar haske ce, gudunsu ɗaya, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Heinrich Hertz, Bajamushe, shi ya tabbatar da samuwarta wajen 1887. Ta gajeren zango tana haurawa sama, ta bugi wani rufi na sararin samaniya ta dawo ƙasa, shi ya sa kakanninmu suka riƙa jin Sashen Hausa na BBC daga Landan tun 1957. Ta wayar salula ƙarama ce, ba ta cin dogon zango, dole a kafa mata ƙarafa kusa da kusa. Dukkansu ba su da ƙarfin tsinka ƙwayar halitta irin na hasken ɗaukar hoton ƙashi. Iyakar abin da aka tabbatar suna yi wa jiki shi ne ɗumamawa idan sun yi yawa ƙwarai, kamar yadda tandun maikirowef ke ɗumama tuwo a cikin rufaffen akwati.

Amma kada a zaci mun zo wanke 'yan jari-hujja ne. Ko kusa! Tsoron banza ne ya shagaltar da mu daga tambayar da ta dace. Zangunan nan ƙididdigaggu ne, dukiyar al'umma ce kamar rijiyar gari. A 2001 gwamnati ta yi gwanjonsu, kowane lasisin GSM dala miliyan 285. A Disambar 2021 an sake gwanjon na 5G, kowane dala miliyan 273.6. Ina rabon talakan da igiyar ke ratsa gonarsa dare da rana? Ya san ranar saukar damina ta wayarsa? Ya san farashin gero a kasuwar Dawanau kafin dillali ya yi masa wayo? Yana da tashar da zai faɗi kukansa da bakinsa?

Saboda haka muna kira ga ɗaliban kimiyya da injiniya da na aikin jarida: ku fita ku zauna da mutane, ku yi bayani da Hausa. Muna kuma neman hukumomin NCC da NBC su sauƙaƙa wa ƙauyuka lasisin rediyon al'umma, su riƙa auna ƙarafan nan suna bayyana sakamakon a fili.

Wanda aka tsorata da rijiya ba zai tambayi inda ruwanta ke tafiya ba. Lokaci ya yi da talaka zai kama igiyar guga.