Suna gwada bakin likita, mu ba mu taɓa gwadawa ba

Wata uku ke nan ɗakinmu ya koma aji. Yayana ya gama fakulten lafiya ta jami'ar Abdu Mumuni, ya yi rantsuwar likita, amma kullum bayan isha'i sai ya miƙo mini agogo in riƙe, shi kuma ya yi ta zuba Faransanci a kan ko ya dace a hana motoci shiga tsakiyar birni. Shirin TCF yake yi, jarrabawar harshe da Kanada ke nema. Tunda ni ke karatun ilimin harsuna, ni aka naɗa alƙali. Ku dubi abin: mutum ya yi lakwal tun daga CI cikin Faransanci, ya rubuta tez ya kare ta gaban juri cikin Faransanci, yanzu yana gumi kada ya kasa kai mataki na 7.

Da fari haushi na ji, na ce raini ne. Daga baya na gane ko Bafaranshen Faris ne ke neman zaman dindindin ta wannan hanya, sai ya zauna ya rubuta, kuma bayan shekara 2 sakamakon ya mutu, sai a sake. Sai haushin nawa ya canza gida.

Bari in fara da hanyar kanta, don a fada da cikin WhatsApp ana sayar da ita kamar tikitin mota. A Kanada, tsarin Express Entry maki yake ƙirgawa: shekarunka, karatunka, aikin da ka yi, da bakinka. Tun 2023 suna ware gayyata ta musamman ga masu Faransanci da ma'aikatan lafiya, shi ya sa namu suka ɗaga kunne. Makin shekaru yana fara zubewa da ka cika 30, likita kuwa bai cika fita fakulte da sauran ƙuruciya mai yawa ba. Diplom ɗinka sai majalisar likitocin Kanada ta tantance shi. To ga wurin da masu talla ke yin shiru: katin zama daban, izinin taɓa majinyaci daban. Izinin yana hannun hukumar likitoci ta kowace jiha, kuma kafin ka same shi akwai wasu jarrabawoyi, sannan galibi sai ka nemi gurbin horo a asibiti, gurbin da ƴan ƙasa ke gaba a layi. Kana iya zama mazaunin dindindin da takarda mai kyau a aljihu, shekaru su wuce ba ka rataya abin sauraren ƙirji a wuya ba.

Faransa kuma ta juya abin. Can aiki ake fara ba ka, tabbacin zama ya biyo baya da jan ƙafa. Sunanka PADHUE, wato likita mai diplom na wajen Tarayyar Turai. Sai ka ci gasar EVC mai ƙayyadaddun gurabe, ka ƙara shekara 2 ƙarƙashin kulawa. Kafin nan kai ne mai gardin dare a asibitocin da ƴan ƙasa ba sa son zuwa, da albashin da bai kai na abokin aikinka ba. Dokar Janairu 2024 ta ƙirƙiro katin zama na shekara 4 don likitoci. A watan nan ne kuma aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai, don haka ko ajiye dosiye sai ka tsallaka iyaka.

Amma Jamus ce ta hana ni barci. Bayan matakin B2 na Jamusancin yau da kullum, suna da wata jarrabawa ta harshen asibiti zalla. Ana zaunar da kai gaban wani da ke kwaikwayon majinyaci, ka tambaye shi ciwonsa da kalmomin da mutumin titi zai gane. Ka rubuta rahoto. Ka bayyana wa wani likita abin da ka ji. In ka kasa fahimtar tsohuwar Bajamushiya, ba za ka taɓa ta ba, ko da kai ne na ɗaya a ajinku.

To kamarade, tsohuwar Dakwaro fa? Wa ya taɓa gwada ko likitan da aka turo mata yana jin abin da take faɗi?

Bara na raka kakata wani asibiti. Likitan yaro ne mai kirki, amma Hausarsa ta cinikin kasuwa ce. Ta ce masa sanyi ke damunta. Duk wanda ya tashi a gidajenmu ya san sanyi a bakin tsohuwa yana iya zama ciwon gaɓoɓi, a bakin matar aure kuma wani abu ne da kunya ke hana ta kiran sunansa. Shi mura ya ji. Da ba na nan da maganin mura za mu koma gida. Ranar da ba ɗan lakwal a kusa, mai shara ake kira ya yi tafinta, ko yaro ɗan shekara goma ya fassara ciwon mahaifar uwarsa. Shawara a Hausa nasiha ce, kuma ciwo ce mai sa ido ya yi ɗorawa. Mai cewa zuciyarsa na tashi amai yake ji, ba likitan zuciya yake nema ba. Haka Bahaushen likita ke kurmancewa in an kai shi ƙasar Zabarmawa, ko gaban mai Tamajak, Fulfulde ko Barbarci. Shekara bakwai, takwas a fakulte, ba wanda ya tsayar da su ya ce sai kun ci wannan kafin rantsuwa.

Na san abin da wasunku za su ce: wannan hassada yake, so yake a tsare mutane. A'a wallahi. Wanda ya gama ya zauna jiran a ɗauke shi aiki, yana gardi a kilinik don kuɗin man babur, ba ni da bakin ce masa kada ya tafi. Wanda ya kamata ya ji kunya shi ne mai ɗiba. Hukumar lafiya ta duniya tana da ƙa'idar ɗaukar ma'aikatan lafiya tun 2010, kuma Nijar na cikin ƙasashe 55 da ta jera a 2023 cewa kada a je farautar ma'aikatansu. Sai masu kuɗi suka daina farauta, suka buɗe ƙofa kawai suka rataya maki a bakinta. Mu biya karatun, su karɓi likita a dafe, har ya biya kuɗin jarrabawar da aljihunsa.

Abin da nake faɗa da shi namu ne. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, aka yi ta murna a rediyo. Ni ina so in ga wannan magana a ɗakin duba marasa lafiya. A sa darasin harshen majinyaci a fakultocin lafiya, da jarrabawa ta gaske, da tsohuwa ta gaske a kujera, a harshen yankin da za a tura mutum. Sashenmu na ilimin harsuna yana tsallaken titi, muna ta auna tsawon wasula alhali ana buƙatarmu a asibiti. Laifin har da mu.

Jiya da dare na juya agogon. Na ce, yaya, minti huɗu, bayyana wa kaka ciwon suga da yadda za ta sha magani, ba kalmar Faransanci ko ɗaya. Ya yi dariya ya fara. Bai cika minti ɗaya ba ya tsaya, baki buɗe, yana neman yadda zai ce mata gwajin da safe ake yi kafin ta sa komai a ciki, da dalilin haka. Ya ce in ba shi zuwa gobe. TCF ɗinsa saura sati biyu.