Ra'ayinmu: Daga Kara Ɗaya Ake Farawa

Duk wanda ya taɓa fita neman shayi a bakin ƙofar jami'a da tsakar dare, musamman a makon jarrabawa, ya san abin da za mu yi magana a kai. Ga mai shayi, ga mai tebur a gefensa ya ɓare kwalin sigari yana sayarwa kara-kara, ga kuma ɗalibi ya miƙa ɗan canjin da ya rage masa ya ce a ba shi guda don ya kori barci. Ba mai ɗaga kai ya duba, domin ido ya riga ya saba. To, wannan kara ɗayan da aka raina shi ne muke so 'yan'uwanmu ɗalibai su tsaya su yi wa duban tsanaki, gama ta nan ne taba take samun sababbin bayi, kuma sayar da ita haka ya saɓa wa dokar ƙasar nan.

Maganar cutar taba ta daɗe da wuce gardama. A shekarar 1950 wasu masana biyu na Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka bi asibitocin Landan suna tambayar masu ciwon dajin huhu, suka tarar kusan dukkansu mashaya taba ne. A 1951 sai suka juya kan likitocin ƙasar su kansu, maza fiye da dubu 34, aka yi ta bin rayuwarsu har tsawon shekara 50. Da aka bayyana sakamakon ƙarshe a 2004, sai ga shi wajen rabin waɗanda suka zarce da sha taba ce ta zama sanadin mutuwarsu, kuma mashayi kan yi asarar kimanin shekara 10 daga kwanakinsa. A Amurka ma, tun a watan Janairu na 1964 babban likitan gwamnati, Luther Terry, ya fito fili ya tabbatar cewa sigari na haddasa ciwon dajin huhu. A yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa taba na kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara, kuma sama da miliyan 1 daga cikinsu ba su sha, hayaƙin wasu ne kawai suke shaƙa.

Yadda ɓarnar take kuwa, a cikin hayaƙin akwai sinadarai fiye da dubu 7, wajen 70 daga ciki an san suna jawo ciwon daji. Baƙin danƙo mai kama da kwalta yana maƙalewa a huhu ya lalata 'yan siraran gashin da ke share hanyar numfashi, daga nan sai tari mai naci da sarƙewar ƙirji. Akwai kuma iska mai guba, irin wadda ke fita daga gawayi da janareta, wadda ke ƙwace wa iskar numfashi gurbinta a cikin jini. Jijiyoyin jini su ƙuntace, zuciya ta wahala, a wayi gari da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Shi kuwa nikotin, cikin daƙiƙa kaɗan yake isa ƙwaƙwalwa, shi ne igiyar da ke ɗaure mutum. Natsuwar da mashayi ke ji bayan ya zuƙa, ƙishirwar da tabar ta ƙirƙira masa ce ta lafa na ɗan lokaci. Masu ganin shisha ta fi sauƙi saboda ƙamshinta da ruwan da hayaƙin ke bi, su sani ruwan ba ya tace gubar, kuma ga hayaƙin gawayi ƙari a kai.

Duniya ba ta naɗe hannu ba. A 2003 ƙasashe suka amince da yarjejeniyar taƙaita taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya, ta fara aiki a 2005, kuma a shekarar ce Nijeriya ta tabbatar da shigarta. Ƙasar Ayalan ta hana shan taba a duk wuraren aiki, har da mashaya da gidajen abinci, a 2004. Ostareliya ta tuɓe wa kwalin sigari kwalliyarsa a 2012, ya koma launi ɗaya mara sha'awa da hoton cuta a jikinsa. A nan gida an yi dokar soja a 1990, sa'an nan a 2015 aka sa hannu kan Dokar Taƙaita Taba ta Ƙasa, wadda aka fitar da ƙa'idojin aiki da ita a 2019. Dokar ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana talla, ta hana busa hayaƙi a wuraren taruwar jama'a irin su asibitoci da makarantu da motocin haya, ta kuma ce ba a sayar da sigari sai a kwali cikakke.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali kuwa shi ne ginshiƙin sauran. An ƙara wa taba haraji don tsada ta hana yara saye, amma wanda kwali ya fi ƙarfin aljihunsa kara ɗaya bai gagare shi ba. An wajabta buga hoton gargaɗi a jikin kwali, amma mai sayen kara ba ya riƙe kwalin, balle ya ga hoton. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna kusan 9 cikin 10 na mashaya sun fara ne kafin su wuce shekara 18, kuma da wuya a sami wanda ya fara bayan shekara 26. Ma'ana, shekarun da muke ciki a jami'a su ne ƙofa ta ƙarshe. Wanda ya fita da digirinsa bai saba ba, da wuya ya saba har abada.

Saboda haka muke kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta zauna da hukumar jami'a a tsayar da abu uku. Na farko, duk wanda aka ba izinin kasa kaya a harabar makaranta a rubuta masa cewa ba ɓare kwali. Mun san masu teburan nan abinci suke nema, kuma da yawansu ba su taɓa jin dokar ba. A fara da yi musu bayani kafin a kai ga karɓe izini. Na biyu, ɗakunan kwana su zama wurin da ba a kunna taba ko shisha. Ɗaki ne na mutum huɗu da sau da yawa yake ɗauke da takwas, kuma mai ciwon asma da ke gadon sama bai yi laifin da za a sa shi zaɓi tsakanin numfashinsa da zaman lafiya da abokin ɗakinsa ba. Na uku, asibitin jami'a ya keɓe rana da ma'aikaci don masu son bari, a karɓe su ba tare da gori ba.

Ga 'yan'uwanmu da suka riga suka saba, ba mu zo da tozarci ba. Binciken likitocin Ingila da muka ambata ya zo da albishir: wanda ya daina yana ɗan shekara 30 ya tsira da kusan dukan shekara 10 ɗin nan, mai 40 ya sami 9, mai 50 ya sami 6, mai 60 ma ya sami 3. Mu da yawancinmu ba mu kai 25 ba, mu ne muka fi kowa riba idan muka bari yau. Bari da wuya, kuma da yawa sai sun gwada sau da dama kafin su dace, amma komawa bayan an gwada ba dalilin fid da rai ba ne.

Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ran 31 ga Mayu ta kowace shekara ita ce Ranar Ƙin Taba ta Duniya. Muna fata idan ta zagayo, maimakon kwalayen zanga-zanga da jawabin da za a manta kafin la'asar, shugabanninmu za su fito da takardar yarjejeniya da hukuma a hannu, su karanta mana ita a dandali.