Takardar Shaida Ba Katin Biki Ba Ce

Tun da hukumar CAC ta koma bayar da takardar rajistar kamfani ta intanet mai lambar QR, aikin bugawa ya faɗa hannun mai shagon kwamfuta na bakin titi. Masu tsara takardun shaida a manhajojin lasisi su riƙa tunawa da shi. Firintarsa baƙi da fari take bugawa, tawadar ma ƙiris ta rage, duk adon zinaren nan toka yake komawa. A bar wa suna fili, domin namu uku-uku ne. A gwada ƙ, ɗ da ɓ, kada Ɗanladi ya fito da akwati a gurbin harafin farko. Lambar QR kuwa a faɗaɗa ta, yadda waya za ta karanta ko bayan fotokwafi.