Ki Nemi Izinin Tun Kafin Ya Tafi

Wasunku sun sha tambayata inda na koyi zancen jinya da nake yawan kawowa a wannan fili. To, ni ba likita ba ce, ba kuma nas ba. Ƙaramar ma'aikaciya ce a da, mai taimaka wa nas-nas a asibitin barikin sojojin sama a Kaduna. Mu ne masu auna zafin jiki, wanke gyambo, naɗa bandeji da gyara gado. In dare ya raba kuwa, mu mai ƙwanƙwasa ƙofa zai fara gani.

A 1990 aka soma tura sojojin Nijeriya Laberiya cikin rundunar ECOMOG, har da wasu mazan barikinmu. Ki tuna lokacin babu wayar hannu, sai 2001 ta shigo. In maigida ya tafi, sai wasiƙa ko saƙon baki.

Wani dare da damina, wajen ƙarfe biyu, wata amarya ta shigo da ɗanta na fari a kafaɗa, maƙwabciyarta na biye da tocila. Yaron bai wuce shekara biyu ba, yana ta jijjiga, tafin hannunsa fari fat, dasashinsa na jini saboda cokalin da aka cusa masa. Kwana huɗu ke nan yana zazzaɓi, alhali daga gidanta zuwa wurinmu bai kai tafiyar minti goma ba.

Na ce, “Baiwar Allah, me ya hana ki kawo shi tuntuni?” Ta sunkuyar da kai ta ce, “Babansa ya ce kada in fita sai ya dawo.” Watansa biyu da tafiya! Da maƙwabciyar ba ta ji kukanta ta janyo ta ba, da tana nan tana jira.

Zazzaɓin cizon sauro ne ya cinye masa jini. Wani kofur mai gadin dare, da jininsu ya zo ɗaya, ya miƙa hannu aka ɗiba. Ni na zauna gefen yaron har asuba ina goge shi da ruwan ɗumi. Allah Ya yi da sauran kwana.

Uwargida, ko mijinki soja ne, ko direba, ko ɗan kasuwa mai tafiye-tafiye, ki zaunar da shi kafin ya ɗauki jaka. In ciwo ya taso, ya yarje miki ki tafi asibiti? Wa zai raka ki? Ina kuɗin? In kuma yaro ya fara jijjiga, ki kwantar da shi ta gefe, ki sassauta masa riga, kada ki sa komai a bakinsa, ko ruwa, sannan ki nufi asibiti. Kada kuma ki dogara da kulorakwin da muke bayarwa a lokacin. Tun 2005 aka sauya shi don ya daina ci. A gwada jini tukuna.

Da uban yaron ya dawo ya zo yi mana godiya, babbar nas ɗinmu ba ta raga masa ba. Ya yi shiru, can ya ce wallahi shi gidan biki da yawon maƙwabta yake nufi, asibiti ko a ransa bai zo ba.