Raddi ga Masu Cewa an Yi wa Irin Masara Makirci

Duk gabanin damina sai maganar ta sake tashi a rumfunan Dawanau, kasuwar hatsin da ke ƙaramar hukumar Dawakin Tofa: wai kamfanoni sun yi wa irin masara mai aure wata ƙulalliya, shi ya sa wanda ya ajiye daga girbinsa ya sake shukawa yake ganin gona ta rikice, wani kara dogo, wani gajere.

Hujjarsu ta farko ita ce rikicewar kanta. To ai Gregor Mendel, malamin coci a Brno, ya bayyana dalilinta tun 1865, babu kamfanin iri ko ɗaya a zancen. Kowane tsiro yana gadon hali daga uwa da uba. Wani halin mai rinjaye ne, wani kuma lafewa yake yi. Da Mendel ya aurar da waken Turawa mai sulɓi da mai tamoji, 'ya'yan duk suka fito da sulɓi. A jikoki ya ƙirga 5,474 masu sulɓi da 1,850 masu tamoji, wato kusan uku bisa ɗaya. Halin kaka ne ya dawo, kamar yadda yakan dawo a gonar masara shekara ta biyu.

Suna kuma cewa halin da ya lafe mai rauni ne. Su ɓare goyon farar masarar da aka shuka kusa da rawaya. Za su ga ƙwayoyi rawaya jefi-jefi a layin farare, inda iska ta kawo bununin maƙwabciya. Rawaya ce mai rinjaye, amma farar da ke lafewa ita matan Kano suke nema don tuwo.

Hujjarsu ta uku ta fi cutarwa: wai duk ingantaccen iri ba ya ajiyuwa. Wake yana barbarar kansa ne tun fure bai buɗe ba. Masana a tashar binciken noma ta IITA da ke Kano sun gano cewa juriyar wuta-wuta a waken B301 na Botswana hali ne guda mai rinjaye, kuma irin wake SAMPEA 10 da aka saki a 2008 yana jure wannan ciyawa. Manomi na iya ajiye shi shekara da shekaru. Wanda aka tsorata ya guje shi, gonarsa ce wuta-wuta za ta cinye.

Kukansu kan tsadar sayen irin masara duk shekara gaskiya ne, haka ma na hatsin da ake rinawa a sayar da sunan iri. Wannan ƙara ce da ya kamata a kai gaban hukumar kula da iri ta ƙasa.