KADA MU RUSHE SHAIDARMU DA HANNUNMU

Jama'a, akwai wani abu da ke faruwa a unguwanninmu na Sabo da Zango wanda ba mu cika ɗaukarsa a bakin komai ba. Dattijo zai rasu, a yi sadakar bakwai, a raba gado, kafin shekara ta zagayo magada sun sayar da gida, mai saye ya kawo katafila ya baje shi ya jera shaguna. Da haka zauren da aka sauki fatake na farko yake tafiya, da rumfar da aka ɗaure huhun goro, da makarantar allo, har da rijiyar da unguwa duka ta sha. Mu da muke kuka dare da rana cewa ana kiranmu baƙi, ana hana 'ya'yanmu takardar shaidar asali a ƙananan hukumomin da aka haifi kakanninsu, mu ne kuma muke share alamun da ke nuna tun yaushe muke nan.

Ba mu kaɗai ne muka taɓa zama baƙi a ƙasar wasu ba, don haka babu laifi mu duba yadda wasu suka yi. Mutanen Yukren sun fara isa Kanada a 1891, manoma ne talakawa, suka sari daji a yankin da ake kira Alberta yanzu. Da yawansu a cikin rami suka fara kwana, sun rufe samansa da itace da ƙasa, kafin su samu halin gina ɗakin katako su yaɓe shi da laka. Su ma sun sha kallon raini, domin daga 1914 zuwa 1920 gwamnati ta tsare dubbansu a sansanoni a matsayin baƙi daga ƙasar abokan gaba. A 1971 zuriyarsu suka lura gidajen nan suna ta ruɓewa a gonaki, sai suka kafa wani ƙauyen tarihi a gabas da birnin Edmonton, suna ɗauko tsofaffin gine-gine suna kaiwa can. A 1975 gwamnatin lardin ta saye wurin ta ci gaba da aikin. An tara gine-gine fiye da 30, akwai gidajen manoma, da coci, da makaranta, da kanti, da rumbun hatsi na bakin layin dogo, kowanne da tarihin iyalin da suka zauna a cikinsa. Yaron da ya shiga wurin nan ya gani da idonsa, wa zai sake gaya masa cewa kakansa jiya ya zo?

To mu fa? An ware wa Hausawa Sabo ta Ibadan tun 1916, kuma kafin nan ma suna zaune a cikin gari. Agege da muke gani cunkushe yau, ƙauyen gonaki ce lokacin da masu sayen goro suka kafa zango kusa da tashar jirgin ƙasa. Haka Shagamu da ƙauyukan goro da ke kewaye da ita. Iyayenmu sun zo da yardar sarakunan ƙasa, sun gina masallaci, sun haƙa rijiya, sun binne mamatansu. Abin takaici, tarihin Sabo ta Ibadan da aka fi sani a duniya wani bature ne mai suna Abner Cohen ya rubuta shi a 1969, mu kuwa ko hoton gidajen fatomomin da ya zauna da su ba mu tara ba.

Mun san abin da wasu za su ce: mutum yana fama da kuɗin makaranta, za a ce kada ya sayar da gadonsa saboda tarihi? Gaskiya ne, kuma ba mu ce a hana kowa haƙƙinsa ba. Abin da muke cewa shi ne a kowace unguwa a zaɓi gini biyu ko uku, ƙungiya ta tara kuɗi ta saya daga hannun magada a kan farashin kasuwa, a mayar da su waƙafi da takardu cikakku. Attajiranmu na kara da na goro da ke kashe dukiya a bikin kwana ɗaya ba za su gaza wannan ba. Sannan namu ginin ƙasa ne, ba ya ɗaukuwa a mota kamar na katako, saboda haka a inda yake za a raya shi, ana gyaran rufi da yaɓe kafin kowace damina, ana kuma amfani da shi, ko da karatun yara ne da yamma.

Kada kuma mu ce gwamnati za ta yi mana. Akwai Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa tun 1979, amma Ilojo Bar da ke Legas, wanda yake cikin jerin gine-ginen tarihi na ƙasa tun 1956, an wayi gari an rushe shi a 2016. Idan wanda ke da rajista bai tsira ba, ina ga zauren ƙasa a lungun Sabo? Ga kuma abin da muka gani a Shagamu a 1999 da Shasha a 2021, yadda wuta ke cinye aikin shekaru a yini guda.

Wajibi ne a yi wannan aiki tare da masu masaukinmu, a sanar da Oba da hakimansa tun farko, domin ba filin kowa muke nema ba, kuma labarin zangon labarinsu ne su ma, tunda gorona su ne muke saye. Muna kira ga kowane reshe, tare da Sarkin Hausawan yankinsa, ya kawo sunayen gine-ginensa mafiya tsufa a taro mai zuwa. A tura matasa su ɗauki hotunansu ciki da waje, su zauna da tsofaffin da suka rage su naɗi muryoyinsu, a ajiye kwafi ɗaya a wani gari daban.